Ɗana yana awa guda a wajen alwala: in saya masa maganin homiyofati?

Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce, muna zaune a Argungu, kuma damuwata a kan ɗan farina ce, mai shekara 27, wanda yake koyarwa a wata makarantar firamare. Kimanin shekara 3 ke nan da ya fara daɗewa a wajen alwala, muka ɗauka tsoron Allah ne ya ƙaru masa, har mahaifinsa yana yabonsa. Yanzu abin ya kai yana share awa guda a bakin rariya, ya wanke ya sake wankewa, har a sallame a masallaci bai gama ba, idan kuma ya tayar da salla sai ya yi kabbara fiye da goma yana cewa niyyarsa ba ta ƙullu ba. Jarka 4 ba ta isarsa a yini, hannuwansa duk sun tsage, kuma duk da kunyar ɗan fari da ke tsakaninmu, yakan zo ƙofar ɗakina sau da yawa yana tambaya, "Inna, kin tabbata najasa ba ta taɓa rigata ba?" Ni ce nake sake wanke masa kayan da aka riga aka wanke don hankalinsa ya kwanta. An yi masa ruƙiyya sau 3, ya sha rubutu, amma sauƙin ba ya wuce mako guda, kuma a makaranta an fara yi masa gargaɗi saboda makara.

Ƙanena da ya yi karatu a Indiya ya ce akwai magani mai suna homiyofati, wasu ƙananan ƙwayoyi farare masu zaƙi da ba su da illa ko kaɗan, ya kuma haɗa ni da wani mai sayarwa ta WhatsApp wanda ya ce yaron zai warke cikin wata 6, a kan naira 45,000 kowane wata. Mahaifinsa ya ce aljanu ne, asibiti ba ta da maganinsu. Ni kuma ina tsoron maganin asibiti ya mayar da shi dolo, ina kuma tsoron a ce an kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware alhali an fara maganar aurensa. Shi yaron ya ce ba mahaukaci ba ne, ba zai sha komai ba. Na yi niyyar in sayar da tumakina biyu in sayi maganin, in riƙa sa masa a kunu ba tare da ya sani ba. Me kika gani?

Wata uwa, daga Argungu

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ɗanki lafiya, ya kuma saka miki da alheri a kan shekara 3 da kika yi kina ɗauke da wannan nauyi, domin duk wanda ya karanta wasiƙarki zai ga cewa ciwon bai tsaya a kan yaron shi kaɗai ba, ya shiga wankinki da barcinki, yanzu kuma ga shi yana neman shiga garkenki. Zan fara da amsar da kika nema a fili, sannan in kawo dalili: kada ki sayar da tumakin nan, kuma kada ki sa masa komai a kunu a ɓoye.

Ba zan iya yanke hukunci a kan ciwon mutumin da ban gani ba, wannan aikin likita ne, amma abin da kika siffanta ya yi daidai da ciwon waswasi wanda likitoci suke kira OCD a taƙaice. Sanannen ciwo ne, yana samun kimanin mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwarsu, kuma galibi yana bayyana ne tsakanin balaga da farkon shekaru ashirin, daidai lokacin da ya fara wa ɗanki. Tafiyarsa iri ɗaya ce ko'ina a duniya. Wani tunani yana faɗo wa mutum ba da sonsa ba, misali cewa ruwa bai kai gwiwar hannu ba, sai ƙirjinsa ya cika da fargaba, sai ya sake wankewa, sai ya ji sanyi na ɗan lokaci. Wannan ɗan sanyin shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa tana koyon cewa maimaitawar ce ta cece ta, don haka gobe shakkar za ta dawo da ƙarfi kuma za ta nemi wanki biyu a inda jiya ɗaya ya isa. Ciwon yakan kama abin da mutum ya fi darajantawa, shi ya sa a ƙasarmu ya fi fitowa ta tsarki da niyya da salla, a wani wurin kuma ta kulle ƙofa ko tsoron ƙwayoyin cuta. Da ɗanki ya ce shi ba mahaukaci ba ne, gaskiya ya faɗa. Hankalinsa ƙalau yake, ya san abin da yake yi ya wuce kima, kuma sanin nan ne ya sa yake shan azaba fiye da yadda kuke gani daga waje.

Yanzu ga batun homiyofati. Mutane da yawa suna ɗauka wani nau'in maganin gargajiya ne, kamar sassaƙe ko saiwa da Turawa suka zuba a kwalba, alhali ba haka ba ne. Wani likita Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1796, a zamanin da likitocin Turai suke zubar wa marasa lafiya jini suna ba su guba da sunan magani. Ya gina shi a kan ra'ayi biyu: cewa abin da ke jawo alamar ciwo ga mai lafiya shi ne zai warkar da mai irin wannan alamar, da kuma cewa sirka magani da ruwa tare da girgiza shi yana ƙara masa ƙarfi. Idan kika duba kwalbar za ki iya ganin an rubuta 30C. Ma'anarsa ita ce an ɗauki ɗigo 1 na sinadarin an zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa an girgiza, an ɗauki ɗigo 1 daga wannan an zuba cikin wasu 99, an yi ta yin haka har sau 30. Masana sun lissafa cewa tun daga wajen sirki na 12 da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin sinadarin, sauran 18 ɗin ruwa ake sirkawa da ruwa. Da za a ɗiga zuma ɗigo ɗaya a Matan Fada lokacin da kogi ya cika, a bar ruwan ya gangara ya haɗu da Kwara, a je Yawuri a ɗebo kofi guda, to wannan kofin ya fi 30C kaurin zuma nesa ba kusa ba. Wannan ruwan ake ɗigawa a kan 'yan ƙwayoyin sukari, su ne farare masu zaƙi da ƙanenki ya faɗa miki. Sassaƙen sabara ko na maɗaci, duk abin da za a ce a kansa, aƙalla akwai wani abu a cikinsa.

An kuma gwada shi, ba a yi watsi da shi da ka ba. A shekarar 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, ta ce ba ta sami ciwo ko ɗaya da akwai hujja abin dogaro cewa homiyofati yana maganinsa ba. Kafin nan, a 2010, wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ce bai fi ƙwayar da ba ta da magani a ciki ba, kuma a 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ba likitocinta shawarar su daina rubuta shi. Maganar cewa ba shi da illa ita ma tana da gyara. Ƙwayar sukari ba ta cutarwa, amma abin da ake sayarwa ta waya babu wanda ya san me ke cikinsa, kuma ko a Amurka hukumar kula da magunguna ta yi gargaɗi a 2016 a kan wasu ƙwayoyin homiyofati na haƙoran jarirai, daga baya aka sami wani tsiro mai guba a cikinsu fiye da ƙima. Illar da ta fi damuna kuwa ita ce wata 6 ɗin nan. Naira 270,000 za ta tafi, ciwon zai ƙara kafa saiwa, aikin da ake yi masa gargaɗi a kai yana iya kuɓucewa, kuma idan babu sauƙi za a ce miki ba a dace da irin nasa ba, a sake wani.

Ban ce ƙanenki ya yi miki ƙarya ba. A Indiya homiyofati yana da kwalejoji da asibitoci da amincewar gwamnati, don haka wanda ya zauna can ba abin mamaki ba ne ya ɗauke shi a matsayin magani kamar kowane. Kuma mutane sukan ji sauƙi da gaske bayan sun sha, saboda mai ba da shi yakan zauna ya saurari mara lafiya na tsawon lokaci, abin da layin asibiti ba ya bari a yi, ga fatan da mutum ya sa a ransa, ga shi kuma waswasi da kansa yana hawa da sauka. Kin ga irin wannan a gidanki: bayan kowace ruƙiyya yakan sami mako guda na sauƙi, sannan abin ya dawo. Irin makon nan za ki saya da tumakinki.

Batun kunu kuwa ya fi batun kuɗi nauyi. Ɗanki baligi ne mai hankali, mai shekara 27, malami mai koyar da 'ya'yan mutane, kuma jikinsa amanarsa ce. Amma ko mu ajiye wannan, ki dubi irin ciwon da yake fama da shi. Mutum ne wanda duniya duka ta zama masa abin shakka, rigarsa da butarsa da hannunsa, kuma wuri ɗaya ya rage masa da yake zuwa neman tabbaci, wato ƙofar ɗakinki. Ranar da ya gano cewa Inna tana zuba masa wani abu a abinci, kuma zai gano domin babu mai lura kamar mai waswasi, ranar ciwon zai sami sabuwar ƙofa, wato kwanon abinci. Kina iya wayar gari da ɗan da ba ya cin girkin gida, kuma lokacin da za ki buƙaci ya yarda da ke ya je asibiti, yardar ta riga ta zube.

Abin farin ciki shi ne ciwon nan yana da magani wanda aka gwada aka ga amfaninsa, kuma kashi biyu ne. Na farko ba a haɗiye shi. Horo ne da masanin halayyar ɗan Adam yake yi wa mara lafiya, wanda wani masani mai suna Victor Meyer ya fara bayyanawa a Landan a 1966, likitoci suna kiransa ERP. Ana sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, sannan ya hana kansa maimaitawar da ya saba. A wajen ɗanki yana iya zama ya yi alwala da buta ɗaya, kowace gaɓa sau 3, ya tashi ya bar wurin duk da zuciyarsa tana ce masa ba ta yi ba. Fargabar za ta hau, zai ji kamar ba zai iya jurewa ba, amma idan ya daure za ta sauka da kanta ba tare da ya koma bakin rariya ba, kuma idan aka maimaita wannan kullum sai ƙwaƙwalwa ta warware abin da ta koya. Ana farawa da abu mai sauƙi a hau a hankali, yawanci a zama 12 zuwa 20, kuma da yardarsa ake yi. Ba a ƙwace masa buta, ba a kulle masa banɗaki, domin tilas ba ta koya wa ƙwaƙwalwa komai sai ƙarin tsoro.

Na biyu shi ne ƙwayoyi, waɗanda za ki ga an rubuta fluoxetine ko sertraline ko clomipramine a kwalinsu. Na kawo sunayen ne don ki gane su idan likita ya rubuta, ba don a aika yaro kemis ba. Tsoron da kike yi na dolo yana da asali, domin kin ga mutane masu sandarewar jiki da dalalar miyau, amma wannan galibi daga wasu magunguna ne daban da ake ba masu wani ciwo daban. Waɗannan ba sa gusar da hankali, ba sa sa maye kamar tiramol, mutum yana shansu ya shiga aji ya koyar. Suna da nasu matsalolin, kuma gara ki sani tun yanzu: tashin zuciya da ciwon kai da canjin barci a makonnin farko, wani lokaci kuma raunin sha'awa, wanda ya kamata saurayi mai shirin aure ya faɗa wa likita ba tare da kunya ba don a gyara. Suna da jinkiri ƙwarai, sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ce sun yi aiki ko ba su yi ba, a nan ne mutane da yawa suke karaya su watsar. Idan an sami sauƙi akan ci gaba da sha aƙalla shekara guda, kuma ba a yanke su dare ɗaya. Kusan rabin masu sha suna samun sauƙi bayyananne da maganin farko, wasu sai an canza musu, kuma haɗa ƙwaya da horon nan ya fi dacewa da wanda ciwonsa ya yi nisa. Duk wanda ya yanka miki ranar warkewa tun bai ga yaron ba, ciniki yake yi.

Mahaifinsa kuwa, ba na son ki shiga gardama da shi a kan aljanu, domin ba za ki ci ba kuma ba a buƙatar ki ci. Addu'a da karatun Alƙur'ani su ci gaba, ba su hana ganin likita ba, sai dai a guji duk wanda zai ce a doki yaron ko a ɗaure shi ko a turara masa hayaƙi a ɗaki rufe. Abin da zai fi shiga kunnen Alhaji shi ne abin da ya karanta tun yana yaro a zaure. A cikin Ahalari an ce mai waswasi ya watsar da waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya yi sujada bayan sallama kawai. Risala ma ta faɗi haka a kan wanda shakka ta aure shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, kuma da aka kai masa ƙarar mutumin da yake jin kamar alwalarsa ta karye a cikin salla, ya ce kada ya fita sai ya ji sauti ko ya ji wari. Kin ga malamanmu sun san wannan hali tun ƙarnoni da suka wuce, kuma hukuncin da suka ba shi shi ne ainihin horon da masana suke yi a yau: ji shakkar, kada ka bi ta. Ku nemi malamin da yaron yake girmamawa ya zaunar da shi sau ɗaya, ya faɗa masa cewa hukuncinsa ba irin na sauran mutane ba ne, ya rubuta masa a takarda. Na ce sau ɗaya da gangan, domin mai waswasi yana iya mayar da tambayar malamai wata sabuwar alwala, yau wannan gobe wancan.

Akwai maganar da za ta yi miki ɗaci, Hajiya, amma ita ce wadda ke hannunki ke kaɗai. Duk lokacin da ya tambaye ki game da rigarsa kika rantse masa cewa tsarkakakkiya ce, duk lokacin da kika sake wanke wankakke ko kika kira mai ruwa ya ƙaro jarka, kina ba shi ɗan sanyin nan da na ce shi ne tarko. Ba laifinki ba ne, kusan kowane gida mai irin wannan mara lafiya haka yake yi, domin uwa ba ta iya kallon ɗanta yana rawar jiki ta yi shiru. Amma tausayin ciwon yake ciyarwa. Kada ki daina dare ɗaya. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance ku yi yarjejeniya, misali cewa daga wannan mako za ki amsa tambaya sau ɗaya, idan ya sake za ki ce, "Na riga na amsa, wannan waswasin ne yake tambaya, ni kuma ina tare da kai har ya wuce." Zai ji haushi a kwanakin farko. Ki hana ƙannensa yi masa dariya ko kwaikwayon kabbararsa, ki kuma roƙi mahaifinsa ya daina yabon doguwar alwala, ya kuma guji faɗa a kanta.

Tun da akwai kunya tsakaninku, ga aikin da ya dace da kawunsa, wanda ya riga ya nuna ya damu. Ki nuna masa wannan amsa, ki roƙe shi ya ɗauki yaron su fita su biyu, kada ya ambaci hauka ko ƙwaƙwalwa da farko, ya fara da abin da yaron da kansa yake kuka da shi: jam'in da yake rasawa, hannuwan da suka tsage, takardar gargaɗin makaranta. Ya faɗa masa cewa abin yana da suna, miliyoyin mutane suna da shi, kuma zuwa ganin likita sau ɗaya bai wajabta masa shan komai ba. Ba lallai ne a fara da Kware ba. Suna iya zuwa asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi su ga likita a nemi a tura su wajen likitan ƙwaƙwalwa, ko su wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda mai hawan jini da mai ciwon ido da shi duk ƙofa ɗaya suke shiga. Ita Kwaren ma, ki sani yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar, kuma irin ciwon ɗanki da wuya ya kai ga kwanciya. Su tambaya a fili ko akwai masanin halayya da ke yin horon ERP, domin masu yinsa ba su da yawa, kuma idan nisa ya yi yawa su tambaya ko za a iya yin wasu zaman ta waya. Kuɗin tumakin, idan har za a taɓa su, a nan ne wurinsu, kuɗin mota da na magani.

Idan ya ƙi a karon farko, kada a matsa masa, a bar maganar mako biyu a sake, ke kuma ki ci gaba da naki ɓangaren a gida. Ke da kawunsa ma kuna iya zuwa ku ga likitan ku kaɗai ku nemi shawarar yadda za ku tafi da shi. Idan kuma shi da kansa ya ce yana son gwada homiyofati bayan ya ji abin da ke ciki, wannan zaɓinsa ne, amma kada ya zama madadin asibiti, kuma ya nuna wa likita kwalbar. Haƙurin jira yana da iyaka guda: idan ya fara cewa gara mutuwa, ko ya daina cin abinci, ko ya yanke ƙauna daga rahamar Allah saboda yana ganin sallarsa ba ta karɓuwa, ko ya ce yana jin muryoyi, to a kai shi asibiti a ranar, domin baƙin ciki mai tsanani yakan biyo bayan wannan ciwo.

Maganar aure kada a fasa ta, amma kada a gaggauta ta da tunanin cewa aure zai warkar da shi, domin abin da zai faru shi ne yarinyar mutane za ta gaji wankinki da amsa tambayoyinki, ga kuma wankan janaba da zai zama sabon fagen waswasi. Ku nemi a ɗan ja lokaci, ya yi wata 3 ko 4 a kan magani, sannan shi da bakinsa ya faɗa wa yarinyar cewa yana da waswasi kuma yana ganin likita a kai. Ki kira kawun nasa yau bayan isha'i, ki kuma rubuto mini bayan wata 3 ki faɗa mini jarka nawa yake ƙararwa a yini.